Babi na Shida: 'Ya ta ɓata, uba na karta

Duk wanda ya buga The Witcher 3 ya san wani abin kunya da ba a cika faɗa ba. An ce maka 'yarka tana cikin haɗari, wata rundunar mahaya masu kama da fatalwa tana bin sawunta ƙasa-ƙasa, kuma in ka yi jinkiri sai dai wani labarin. Ka ɗaura wa doki sirdi, ka fita da zafinka. Kafin ka kai gari na uku sai ga ka zaune a wata mashaya kana karta da mai wurin, don an ce yana da wani kati da kai ba ka da shi. Rana ta fito ta faɗi sau ashirin a cikin wasan. Yarinya tana can inda take.

Kartar sunanta Gwent, kuma ta shiga ran mutane har sai da kamfanin da ya yi wasan ya fitar da ita a matsayin wasa mai zaman kansa a 2018. Ni ma na yi asarar darare a kanta, ba zan yi wa kowa gori ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan da suka bar 'yarsu suka zauna karta, su ne za su rantse maka cewa ba a taɓa yin wasa mai labari irin wannan ba. To wane labari ke nan? Wanda suka yi watsi da shi a bakin hanya?

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warso a ƙasar Folan ne ya fitar da wasan a watan Mayun 2015. An gina shi a kan littattafan Andrzej Sapkowski, wanda gajeren labarinsa na farko game da Geralt, maharbin dodanni mai farin gashi, ya fito a wata mujalla a 1986. Wasan ya ci kambun gwarzon shekara a bikin The Game Awards na 2015, kuma zuwa 2023 kamfanin ya ce an sayi fiye da kwafi miliyan 50. Irinsa ake kira wasan buɗaɗɗiyar duniya: a ba ka ƙasa guda da dazuzzukanta da biranenta da tsibiranta, a sa maka rigar wani mutum, a ce je ka inda ka ga dama. Akwai babban aike, wato neman yarinyar nan Ciri da Geralt ya riƙa tun tana ƙarama. Akwai kuma ƙananan aike-aike da ba su ƙirguwa, waɗanda mutanen gari ke ɗora maka.

Ka tsare mai wasa ka ce ya ba ka misalin daɗin labarin. Da wuya ya ambaci rundunar mahayan, da wuya ma ya tuna sunan sarkinsu, Eredin. Abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne Baron.

Baron ɗin nan, Philip Strenger, tsohon soja ne da yaƙi ya tarwatsa rundunarsa, ya tara 'yan ta-kife ya mamaye wani tsohon gidan sarauta a Velen, ƙasar fadama da yunwa da gawarwaki rataye a kan itatuwa. Hakimin ƙarfa-ƙarfa ne, ƙaton mutum mai tumbi da ja-in-ja da kwalba. Ya ga Ciri, ya san inda ta nufa, amma ya ce ba zai buɗe baki ba sai Geralt ya nemo masa matarsa Anna da 'yarsa Tamara, waɗanda a cewarsa aka wayi gari babu su. Ka shiga ɗakinsu kana dube-dube. Ga giya da ta zube a ƙasa, ga alamar kokawa, ga rami a bango da aka rufe da hoto. Tun daga nan jikinka zai ba ka cewa ba sace su aka yi ba. Sai ka je wajen wani boka a daji, shi kuma ya ce ba zai duba maka komai ba sai ka dawo masa da akuyarsa da ta ɓace. Haka babban maharbin dodanni zai riƙa kaɗa 'yar ƙararrawa akuya na biye da shi, tana tsayawa cin ciyawa. Kana cikin dariyar wannan sai boka ya gaya maka gaskiya: Baron dukan matarsa yake yi, ta yi ɓari, shi kuma ya ɗauki ɗan tayin ya turbuɗe cikin dare, babu suna, babu addu'a.

A camfin mutanen Folan da maƙwabtansu na da, jaririn da aka binne haka yakan tashi ya zama dodo. Marubutan wasan sun ɗauko wannan suka sa shi a gabanka: wata halitta mai rarrafe, jajir, cibiya naɗe a wuya. Kana iya kashe ta, aikinka ne ai. Kana kuma iya sa uban ya ɗauke ta a hannunsa, ya ratsa gari da ita cikin duhu tana mutsu-mutsu, har dokin ƙofar gidansa, ya raɗa mata suna, ya nemi gafararta, ya binne ta kamar 'yar mutane. Dea ya sa mata. Mai karatun da ya tashi inda ake yanka rago a tara dangi ran bakwai saboda suna kawai ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin wannan wurin. Na ga ƙaton nan yana rungume da abin da kowa ke gudu, muryarsa na rawa, sai na ajiye hannun gem ɗin a cinya na yi shiru. Minti goma kafin nan neman hanyar da zan sare masa kai nake yi.

Daga baya zai zaunar da kai ya ba ka nasa ɓangaren. Yana fagen yaƙi matar ta yi shekaru tana tare da wani, ya dawo ya kashe mutumin, ita ta zaro masa wuƙa, daga ranar duka ya shiga gidan. Wasan bai wanke shi ba. Tamara, in ka same ta, za ta gaya maka abin da idonta ya gani tun tana yarinya, kuma ba ta da niyyar komawa. Amma shi wannan azzalumin ne ya tsinci Ciri da rauni ya yi jinyarta, ya kuma bar wata yarinya marar galihu a ɗakin girkinsa tana ci tana ƙoshi. Har yau masu wasa ba su daina musu a kansa ba. Wasu na cewa an yi wa mai dukan mace kwalliya don a tausaya masa. Wasu na cewa ai haka mugaye suke a zahiri, suna da ranar kirki, shi ya sa ake daɗewa ba a rabu da su ba. Ina tare da na biyun, ko da yake na fahimci abin da ke damun na farkon.

Inda aka fi yin zafi shi ne batun bishiya. Anna tana hannun wasu tsofaffin mayu uku da ke mulkin fadamar, waɗanda dagacin ƙauye ke biya da kunnensa, ya yanke ya miƙa. Akwai marayu a hannunsu. Akwai kuma wani iska da aka ɗaure a gindin wata bishiya, mayun na so ka hallaka shi, shi kuma yana cewa in ka sake shi zai ceci yaran. Ka kashe shi, yaran sun tafi ke nan, Anna ta rayu amma hankalinta ya gushe, Baron ya ɗauke ta ya nufi duwatsu neman magani. Ka sake shi, yaran su tsira, amma ya afka wa ƙauyen ya karkashe mutane, mayun su huce a kan Anna, ta mutu, ka koma gidan Baron ka tarar da shi yana reto a jikin itace. Babu wanda ya gaya maka haka za ta kasance lokacin da kake tsaye gaban bishiyar. Sakamakon sai bayan awanni yake iso ka, lokacin da komawa baya ya yi tsada. A wasanni da yawa zaɓi kamar jarrabawar firamare yake, amsar kirki da ta mugunta kowace da launinta. A nan kuwa gaba kura ce baya sayaki, kuma kurar ba ta nuna fuska sai ka yi nisa.

Ko aiken da bai kai ya kawo ba haka suka yi masa. A farkon wasan wata tsohuwa za ta tare ka a bakin rafi tana ƙorafin wani baƙo ya ari kaskonta bai dawo da shi ba. Ka fasa ƙofar bukkar, ka tarar da gawa, da ƙonannun takardu, da kaskon an kankare shi fes. Ashe ɗan leƙen asiri ne, baƙin gindin kaskon yake so ya haɗa tawada ya rubuta wasiƙa. Wanda ya yi makarantar allo zai gane dabarar tun kafin Geralt ya gane. Aiken minti biyar ne, amma ka fita da sanin cewa yaƙi ya shigo har cikin madafar tsohuwa.

Sai dai masu sukar wasan ba ƙarya suke yi ba. Da ka bar Velen ka shiga birnin Novigrad sai labari ya fara jan ƙafa. Don ka sami Ciri sai ka sami mawaƙi Dandelion, don ka same shi sai ka bi tsofaffin 'yan matansa ɗaya bayan ɗaya, sai ka nemo wani ɗan daba, sai wani mai rikiɗa, har da shirya wasan kwaikwayo a dandali. Kowane guntu da daɗinsa, amma in ka haɗa su sai ka ga aike ne cikin aike cikin aike. Eredin da aka yi ta tsorata ka da shi maganarsa duka ba ta cika cokali ba. Ƙarshen ya zo a gurguje kamar an ce marubutan su tattara a rufe ofis. Tekun Skellige kuwa cike yake da alamomin tambaya a taswira, ka yi ta tuƙa kwalekwale kana nutso, abin da za ka samo tarkacen 'yan fasa-ƙwauri ne. Masoyan wasan da kansu sun yarda cewa ƙarin da aka yi masa mai suna Hearts of Stone, wanda ya fito a Oktoban 2015, ya fi uwar labarin tsari. Dalili a fili yake: gajere ne, mutanensa kaɗan, kuma babu yarinyar da ke jiran ceto yayin da kake yawo.

Wannan ciwon ba na wasa ɗaya ba ne. A 2007 wani mai tsara wasanni ɗan Kanada, Clint Hocking, ya yi rubutu kan wasan BioShock inda ya raɗa wa matsalar suna, ma'anarsa saɓani tsakanin abin da labari ke faɗa da abin da hannun mai wasa ke aikatawa. A buɗaɗɗiyar duniya saɓanin ya fi muni, domin kayan da ake sayar maka shi ne 'yanci, shi kuwa labari mai tada hankali gaggawa yake so. A Fallout 4, wanda ya fito shekara ɗaya da The Witcher 3, an harbe abokin aurenka a gabanka an sace jaririnka, amma sai ka shafe wata guda kana kafa gadaje da famfunan ruwa, wani bawan Allah Preston Garvey na bin ka da albishir ɗin cewa ga wani ƙauyen kuma yana neman taimako. A Cyberpunk 2077 na 2020, daga kamfanin da ya yi The Witcher, likita ya ce maka 'yar na'urar da ke cikin kanka za ta cinye ka cikin makonni, kai kuma kana can kana sayen motoci. Abin dariya, tsohon wasa Morrowind na 2002 ya riga ya samo magani mai araha. Jami'in da ke ba ka umarni yakan ce ka tafi ka nemi sana'a, ka shiga ƙungiya, ka goge, sannan ka dawo. Da wannan 'yar magana yawonka ya zama biyayya ga labarin. Na rasa dalilin da ya sa na baya ba su kwaikwaya ba, sai dai ko suna ganin in ba a ce wani zai mutu gobe ba, mai saye ba zai zauna ba.

Akwai kuma wata jama'a da duk wannan musun bai dame ta ba, mutanen Skyrim. Kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamban 2011, kuma in don rubutu ne, ko masoyansa ba sa kare shi da ƙarfi. Kai ne zaɓaɓɓen da zai kashe Alduin, uban dodannin sama masu aman wuta. Kana iya zama shugaban makarantar matsafa alhali tsafinka bai wuce kunna wuta ba, ka haɗa da shugabancin ɓarayi da na makasa da na mayaƙa, duk kai kaɗai, sannan mai gadin ƙofar gari ya dube ka ya yi maka maganar raini kamar jiya ka zo. Masu gadin nan kusan kowannensu zai gaya maka shi ma da matafiyi ne kafin kibiya ta same shi a gwiwa, har maganar ta zama abin barkwanci a duniya. Wasu aike-aiken ma ba mutum ne ya rubuta su ɗaya-ɗaya ba, na'ura ce ke ɗauko kogo daga nan, ɗan fashi daga can, ta haɗa maka, ba ƙarewa. Manyan mutanen labarin kuwa ko ka sare su sau ɗari sai su durƙusa su miƙe.

Amma ka ce wa ɗan Skyrim ya ba ka labari, ka ga yadda fuskarsa za ta washe. Zai gaya maka ranar da ya kashe kaza a ƙauyen Riverwood gari duka ya taso masa da gatura. Ranar da wani basamude ya maka masa kulki ya tashi sama har yana hango duwatsu a ƙasa. Yadda ya kifa wa mai kanti bokiti a ka ya kwashe kaya. Yadda Lydia, dogariyar da aka ba shi, ta mutu a wani kogo ta dalilin kibiyarsa, ya koma baya awa biyu don ya dawo da ita. Ba wanda ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan. A cikin kowanne kalmar da ke maimaituwa ita ce "ni". Ɗan The Witcher yana cewa Baron ya yi kaza, ɗan Skyrim yana cewa na yi kaza, kuma rabin gardamarsu daga nan take, kowa na kiran abinsa labari yana mamakin ɗan'uwansa. Ko a Skyrim ɗin ma, wurin da rubutu ya yi ƙarfi an san shi. Akwai tsohon dodo Paarthurnax da ya tuba daga ta'asar da ya yi a da, ya koya maka, ya taimake ka, sai wata ƙungiya ta ce lallai ka kashe shi. Dubban masu wasa sun ƙi, sun bar aiken a buɗe har abada, wasu ma suka yi wa wasan kwaskwarima don a ba su damar cewa a'a.

Elden Ring na 2022 ya bi wata hanyar dabam. Hidetaka Miyazaki na kamfanin FromSoftware a Jafan ya sa George R. R. Martin ya rubuta tarihin duniyar, sannan ya farfasa shi ya watsa gutsattsarin cikin bayanin takubba da zobba da maganganun mutanen da ba sa ƙarasa zance. Wasu sun gama wasan ba su san wa suka kashe ba balle dalili, suka ce babu labari. Wasu sun shafe watanni suna harhaɗa gutsattsarin kamar masu ɗinke tsohuwar takarda, suka ce ba a taɓa labari mai zurfinsa ba. Ni na gaji a hanya, kuma ba na jin laifin wasan ne.

Abin da na lura da shi, bayan sauraron ɓangarorin nan, shi ne in mai wasa ya yaba labari ko ya kushe shi, yawanci ba tsarin farko da tsakiya da ƙarshe yake aunawa ba, irin yadda ake yi wa fim. Yana duba ko duniyar ta lura da shi. Haushin mai gadin Skyrim haushin mantuwa ne: na ceci garinku, ba ku sani ba. Baron da ke reto a itace kuwa shaida ce cewa an riƙe abin da ka yi, an ajiye maka, an kawo maka har gida. Kuma babu inda The Witcher 3 ya kai wannan maƙura kamar a ƙarshensa, wanda shi ne ya fi raba kan masoyansa.

Makomar Ciri iri uku ce: ta zama maharbiyar dodanni kamar mariƙinta, ta hau gadon sarautar daular Nilfgaard, ko ta tafi ba ta dawo ba. Mutane sun zaci wani babban yaƙi ne zai yanke hukunci. Ashe wasu 'yan ƙananan lokuta ne da ba ka ɗauke su bakin komai ba. Tana cikin baƙin ciki bayan mutuwar tsoho Vesemir, malamin Geralt, ka ja ta ku sha giya, ko ka fitar da ita ku yi jifa da curin ƙanƙara? Ranta ya ɓaci tana so ta farfasa ɗakin binciken wani matsafi, ka hana ta ko ka taya ta? Ta ce za ta ziyarci kabarin saurayin da ya mutu saboda ya taimake ta, ka ce babu lokaci ko ka raka ta? Mahaifinta na jini, sarki, ya miƙo maka kuɗin kawo ta, ka karɓa a gabanta? Sai kuma wanda ya fi tada ƙura: manyan matsafa mata sun kira ta ganawa, ka shiga tare da ita ko ka ce ta je ita kaɗai?

Wasan yana lissafa shigarka a matsayin kuskure. A wajen marubutan, uban kirki shi ne wanda ya yarda 'yarsa ta girma, ya tsaya a waje. Masu wasa da yawa sun ce wannan zalunci ne, an hukunta su a kan ƙauna, kuma an ɗora musu tarbiyyar wasu mutane a matsayin ita ce daidai. Ina jin zafin wannan ƙorafin, domin ni ma shiga na yi. Matan nan makirai ne, na san su tun wasan The Witcher na baya, kuma a inda na tashi ba a barin yarinya ta shiga gaban manya irin waɗannan babu nata a kusa. Na hana ta fasa ɗakin mutane, don ban ga dalilin ɓarna ba. Giyar ma na zaɓa ne bisa kuskure, na ɗauka lallashi ne. Kowane ɗaya a lokacinsa daidai na gan shi.

Ciri ba ta dawo ba. Wasan ya mai da ni fadamar Velen, inda Geralt ya bi mayya ta ƙarshe da ta rage ya kashe ta, ya shiga bukkarta yana watsi da kaya har ya samo sarƙar Vesemir mai kan kyarkeci, wadda mayyar ta fizge daga hannun yarinyar. Ya zauna ya dafe kai da ita a hannu, dodannin fadama na kewaye bukkar ta kowace kusurwa. Aka ɗauke hoton a haka. Wajen ƙarfe biyu na dare ne, batirin kwamfutar saura kaɗan don an daɗe da ɗauke wuta. Na buɗe jerin wuraren da na adana wasan, na gangara har na sami na kafin jifar ƙanƙara, awa goma sha wani abu a baya. Na daɗe ina kallonsa, ban taɓa shi ba, har allon ya mutu da kansa.